Abin da ya sa taurarin zari-ruga ke kasa kafuwa a ƙwallon Amurka

Tun shekaru da dama da suka wuce, 'yan wasan zari-ruga na ƙasar Ostireliya ke gwada sa'arsu a gasar ƙwallon Amurka ta NFL, gasar da ta fi kowace gasar wasanni samun kuɗin shiga a duniya. Biyu daga cikin mafiya shahara, Jarryd Hayne da Valentine Holmes, sun koma gida ba tare da sun kafu ba. Wanda ya yi nasara, Jordan Mailata, matashi ne da bai taɓa buga wasa ko ɗaya a babbar gasar ƙasarsa ba.

Lamarin ya daɗe yana ɗaure wa masu kallo kai. A ido, wasannin biyu kamar an tsaga kara suke: ƙwallo mai siffar ƙwai, ƙarti majiya ƙarfi suna karo da juna, kowane ɓangare na neman kai ƙwallon ƙarshen filin abokin karawarsa. Sai dai kama da wane ba ta wane. Abin da ke kayar da baƙo a Amurka shi ne ilimin wasan, wanda 'yan ƙasa ke tarawa tun suna yara, da kuma ƙarancin lokacin da ƙungiyoyi ke iya bai wa mai koyo.

Tushe ɗaya, hanya biyu

Zari-ruga iri biyu ne. Akwai mai 'yan wasa 15, wanda aka fi sani da shi a Afirka ta Kudu da New Zealand, akwai kuma mai 'yan wasa 13 da ake kira lig, wanda ya fi karɓuwa a arewacin Ingila da gabashin Ostireliya da Papua New Guinea.

Lig ya samo asali ne a ranar 29 ga Agustan 1895, lokacin da ƙungiyoyin arewacin Ingila suka yi taro a garin Huddersfield suka ɓalle daga uwar hukumar wasan, saboda ta hana a biya ma'aikatan masaƙu da na haƙar kwal diyyar aikin da suke rasawa ranar wasa. A 1906 aka rage 'yan wasa zuwa 13, a 1908 kuma aka fara gasar birnin Sydney, wadda daga gare ta gasar NRL ta yau ta samo asali.

Shi ma ƙwallon Amurka ɗa ne ga zari-ruga. Ɗaliban jami'o'in gabashin ƙasar ne suka riƙa sauya dokokinsa, a ƙarƙashin jagorancin Walter Camp na Jami'ar Yale. A 1880 aka shigo da tsarin da ɓangarorin biyu ke jeruwa suna fuskantar juna kafin kowane hari, a 1882 aka ƙayyade adadin damar kai hari, a 1906 kuma aka halatta jefa ƙwallo gaba. An kafa NFL a 1920, a yau tana da ƙungiyoyi 32.

Inda dokoki suka sha bamban

A lig, ana buga minti 80 kusan ba tsayawa. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da damar ci gaba da shi har sai an kayar da 'yan wasanta sau shida, sannan ya koma hannun abokan karawa. Ba a miƙa ƙwallo da hannu sai gefe ko baya. Kowane ɗan wasa yana kai hari, yana kuma tsare gida, kuma a NRL sau takwas kawai koci ke iya sauya 'yan wasa a wasa guda.

A ƙwallon Amurka, 'yan wasa 11 ne a kowane ɓangare. Ƙungiya na da dama huɗu ta ci gaba da yadi 10, wato kimanin mita tara, idan ta yi haka a sabunta mata damar. Kowane hari yakan ɗauki daƙiƙa huɗu zuwa shida, sai a tsaya, a sake shiri cikin daƙiƙa 40. Agogon wasan minti 60 ne, amma yakan ci fiye da sa'o'i uku, alhali wani lissafi da jaridar Wall Street Journal ta wallafa a 2010 ya nuna cewa kimanin minti 11 kacal ƙwallon ke motsi.

Ba a ƙayyade sauyin 'yan wasa ba, shi ya sa kowace ƙungiya ta kasu gida uku: masu kai hari, masu tsaron gida, da rukunin musamman na bugun ƙafa. Akwai ɗan wasan da zai shekara goma a NFL yana karɓar miliyoyin daloli, aikinsa bai haɗa da taɓa ƙwallo ba.

Babban bambancin da ke rikita baƙo shi ne tare hanya. A lig, laifi ne ka tsaya a gaban mai tsaron gida don ka buɗe wa abokinka hanya. A ƙwallon Amurka, a kan wannan aka gina wasan gaba ɗaya. Mutum biyar ne a sahun gaba da aikinsu kawai su ture abokan karawa, su kare mai jefa ƙwallo, wanda shi ne madugun hari, ko su buɗe kafa ga mai gudu.

Sabon da ke zama cikas

Ɗan wasan lig ya saba duban abin da ke gabansa ya yanke shawara nan take. Idan ya hango kafa, sai ya kutsa. Mai gudu da ƙwallo a NFL kuwa an riga an faɗa masa ƙafar da zai fara takawa da ita, da tsakanin mutanen da zai bi, da lokacin da zai ɗan jinkirta har 'yan sahun gaba su gama aikinsu. Idan ya yi gaggawa, sai ya iske kafar ba ta buɗe ba, idan ya makara ta rufe.

Yanayin gudun ma daban ne. A lig, mai ƙwallo yakan ruga a miƙe, sau da yawa ƙwallon na hannu ɗaya, yana neman wanda zai miƙa wa ko da an riga an cafke shi. A NFL ana koya wa yaro tun yana makaranta ya rusuna, ya sa kafaɗa gaba, ya manna ƙwallon a ƙirji, domin masu tsaron gida na zuwa daga kowace kusurwa, wasu da niyyar naushin ƙwallon ya suɓuce. Ƙungiya takan samu zagayen kai hari goma zuwa goma sha biyu ne a wasa guda, don haka zubar da ƙwallo sau ɗaya na iya janyo asarar wasan. Kociyoyi ba su cika yafe wannan kuskuren ba.

Sai kuma kayan jiki. Hular kwano mai shingen ƙarfe a fuska tana rage abin da mutum ke gani ta gefe da ƙasa, matasan kafaɗa kuma suna sauya yadda yake ɗaga hannu. Ƙwallon Amurka ya fi na lig ƙanƙanta da tsini, yana kuma juyawa a iska ta wata siga dabam. Wanda ya shekara ashirin yana cafe ƙwallo da ido a buɗe, dole ya sake koyon abin da yake ganin ya riga ya iya.

Ga masu tsaron gida ma haka abin yake. A lig, layin tsaro yakan ja baya mita 10, ya taso tare, sau da yawa mutum biyu ko uku su rungumi mai ƙwallo su danne shi. A NFL, mai tsaron baya yakan yi gudu da baya-baya yana bin wanda ba ya riƙe da komai, yana hasashen inda za a jefo ƙwallon. Babu mai kama da wannan aikin a lig.

Jikin da kowane wasa ke nema

Lig na buƙatar juriya. Ɗan wasan tsakiya zai iya kayar da mutum fiye da sau 40 a wasa guda, yana ja da baya yana tasowa ba hutu. Saboda haka manyan 'yan wasan NRL ba su cika wuce kilo 120 ba. A NFL kuwa, 'yan sahun gaba masu kare madugu sukan kai kimanin kilo 140, masu cafe ƙwallo kuma sirara ne masu gudun 'yan tsere.

Kowane gurbi na da ma'auninsa na tsawo da nauyi da tsawon hannu da gudun yadi 40. Tauraron lig yakan haɗa abubuwa da yawa: yana gudu, yana kayarwa, yana bugu da ƙafa, yana miƙa ƙwallo. A NFL ana tambayar abu guda da ya fi kowa iyawa, kuma a kowane gurbi akwai wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan wannan abu ɗaya.

Kundin dabaru

Kowace ƙungiya na da kundin dabaru mai ɗaruruwan tsare-tsaren hari, kowane da sunansa na sirri. Kafin hari, madugu yakan faɗi jerin kalmomi da lambobi da ke bayyana inda kowa zai tsaya da abin da zai yi. Idan ya ga masu tsaron gida sun sauya tsayuwa, yana iya canza tsarin da kalma ɗaya ko ishara, a filin da ihun 'yan kallo dubu 70 ke toshe kunne.

Abin da ya fi wahala ga mai gudu da ƙwallo shi ne aikin da ba ya fitowa a hotunan talabijin. Idan za a jefa ƙwallo, yakan tsaya kusa da madugu ya gane wanene daga cikin masu tsaron gida zai taso masa, ya tare shi. Idan ya yi kuskure, wanda ya fi kowa tsada a ƙungiyar ne zai sha karo, wataƙila ya ji raunin da zai ƙare kakar wasan. Shi ya sa koci ba zai sa baƙo a fili ba, kome gudunsa, sai ya amince da shi a wannan aikin.

Ga kuma layin masu jira. Fiye da yara miliyan ɗaya ne ke buga wasan a makarantun sakandaren Amurka, dubban gommai a jami'o'i, amma kimanin 250 kawai ake ɗauka a zaɓen sabbin 'yan wasa na kowace shekara. Kowace ƙungiya na riƙe 'yan wasa 53. Yarjejeniyar da aka ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa a 2011 ta kuma taƙaita atisayen da ake yi da cikakkun kayan karo, lokacin da ake da shi kuwa na waɗanda za su buga wasan mako ne. Mai koyo yakan ƙare yana kwaikwayon abokan karawa domin wasu su yi atisaye a kansa.

Hayne da Holmes

Jarryd Hayne na ƙungiyar Parramatta Eels ya ci lambar Dally M ta gwarzon NRL sau biyu, a 2009 da 2014. A watan Oktoban 2014 ya sanar da barin gasar, a Maris na 2015 kuma ya sa hannu da San Francisco 49ers yana da shekara 27. Ya burge a wasannin share fage, inda ya yi gudun yadi 53 a karawa da Houston Texans, har ya samu shiga cikin 'yan wasa 53.

An ɗora shi a kan cafe ƙwallon da abokan karawa ke bugowa sama, aikin da ya ƙware a kansa a lig. A wasansa na farko, da Minnesota Vikings a watan Satumba, ƙwallon farko da aka bugo masa ya suɓuce, abokan karawa suka ɗauka. Bayan ya sake zubar da ƙwallo a wasu wasannin, an cire shi daga jerin a ƙarshen Oktoba, aka mayar da shi rukunin 'yan atisaye, sannan aka dawo da shi a ƙarshen Disamba. Ya kammala kakar da wasa takwas, ya ruga da ƙwallo sau 17 ya ci yadi 52.

A farkon 2016 ƙungiyar ta sallami koci Jim Tomsula ta ɗauko Chip Kelly, abin da ke nufin sabon kundin dabaru daga farko. A watan Mayu Hayne ya bar NFL domin neman gurbi a tawagar Fiji ta zari-ruga mai 'yan wasa bakwai da za ta je gasar Olamfik ta birnin Rio. Ba a zaɓe shi ba, a watan Agusta ya koma NRL da ƙungiyar Gold Coast Titans.

Valentine Holmes ya ci kofin NRL da Cronulla Sharks a 2016, a gasar cin kofin duniya ta 2017 kuma ya kai ƙwallo gida sau 12, shida daga ciki a wasa guda da Fiji. Ya bar Sharks a ƙarshen 2018 yana da shekara 23, ya shiga New York Jets a 2019 ta shirin da NFL ta ƙirƙira a 2017 domin 'yan wasan ƙasashen waje. Ya buga wasannin share fage, ya zauna a rukunin 'yan atisaye, ya koma gida a watan Nuwamba ba tare da ya buga wasan gasa ba.

'Yan wasan zari-ruga mai mutum 15 ma sun ɗanɗana irin wannan. Christian Wade na Ingila ya yi gudun yadi 65 ya ci maki a taɓawarsa ta farko a wasan share fage na Buffalo Bills a 2019, amma bai taɓa buga wasan gasa ba. Louis Rees-Zammit na yankin Wales ya tafi a Janairun 2024, ya ratsa Kansas City Chiefs da Jacksonville Jaguars, ya dawo zari-ruga a 2025. Dukkansu huɗun sun nemi guraben masu riƙe ƙwallo ne, inda gogayya ta fi tsanani, kuskure kuma ya fi fitowa fili.

Yadda Mailata ya tsallake

Jordan Mailata, wanda iyayensa 'yan asalin Samoa ne, ya buga wa rukunin 'yan ƙasa da shekara 20 na South Sydney Rabbitohs. Tsawonsa ya haura mita biyu, nauyinsa ya zarce kilo 160, jikin da ya yi wa wasan minti 80 yawa. Wannan jikin shi ne ainihin abin da NFL ke nema a sahun gaba.

Bayan horo na 'yan watanni a jihar Florida, Philadelphia Eagles ta zaɓe shi a zagaye na bakwai na zaɓen 2018, a matsayi na 233, yana da shekara 21, bai taɓa buga wasan ba ko da na makaranta. Kocin 'yan sahun gaba, Jeff Stoutland, ya fara da shi daga tsayuwa da takun ƙafa da ajiye hannu. Kaka biyu cur, 2018 da 2019, bai buga wasan gasa ba, ga kuma ciwon baya da ya yi fama da shi, amma ƙungiyar ba ta sallame shi ba.

A 2020 ya fara wasa a gefen hagu na sahun gaba, inda yake kare bayan madugu. A 2021 ya sa hannu a kwantiragin shekara huɗu ta dala miliyan 64, a 2024 aka ƙara masa wata ta shekara uku ta dala miliyan 66. A ranar 9 ga Fabrairun 2025, Eagles ta doke Kansas City Chiefs da maki 40 da 22 a wasan ƙarshe na Super Bowl a birnin New Orleans, Mailata na cikin waɗanda suka fara wasan.

Abubuwa uku ne suka haɗu a kansa: ƙuruciya, jikin da ba kasafai ake samun irinsa ba, da ƙungiyar da ta yi haƙurin shekara biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mailata bai bar suna ko babban albashi a gida ba, don haka babu abin da ke jan zuciyarsa ya koma. Tauraro mai shekara 27 kuwa, kowace kakar da ya yi a benci asara ce daga 'yan shekarun da suka rage masa.

Akwai wata ƙofar da 'yan Ostireliya suka daɗe suna shiga ta cikinta, wato gurbin mai buga ƙwallo sama da ƙafa. Sai dai irin su Darren Bennett da Michael Dickson daga wani wasan gargajiyar ƙasar suka fito, ba daga lig ba, aikin nasu kuma ƙwarewa ɗaya tak yake buƙata.

Abin da ya shafi Najeriya

Wannan darasi ya shafi matasan Najeriya, domin NFL ta juyo da hankalinta Afirka. A ƙarƙashin jagorancin Osi Umenyiora, wanda ya ci Super Bowl sau biyu da New York Giants, an yi sansanin zaƙulo 'yan wasa a Gana a 2022, a Kenya a 2023, da Legas a 2024. Cikin 'yan wasa takwas da aka rarraba wa ƙungiyoyi ta shirin 'yan ƙasashen waje a 2023, shida 'yan Najeriya ne, dukkansu kuma 'yan sahun gaba ne, na hari ko na tsaro, inda girman jiki ke sa ƙungiya ta jira mai koyo.

Efe Obada, haifaffen Najeriya da ya girma a Landan, shi ne na farko daga shirin da ya shiga cikin 'yan wasa 53, da Carolina Panthers a 2018, bayan shekaru yana yawo tsakanin ƙungiyoyi. Kafin shi an yi Christian Okoye, ɗan Enugu mai jifan faifai, wanda ya fara wasan yana da shekara 23, ya kuma fi kowa cin yadi da gudu a NFL a 1989 da yadi 1,480. Shi ma sai da ya buga kaka uku a Jami'ar Azusa Pacific kafin Chiefs ta ɗauke shi a 1987.

Tun daga 2024 NFL ta bai wa kowace ƙungiya gurbi na ƙari a rukunin 'yan atisaye domin ɗan ƙasar waje, matakin da ke ƙara wa masu koyo lokaci. A shekarar ce kuma NRL ta fara buɗe kakarta a birnin Las Vegas, ita kuma NFL a 2025 ta sanar da kai wasan gasa birnin Melbourne a 2026. Cuɗanyar wasannin biyu za ta ƙaru, masu gwada sa'a ma za su ƙaru. Abin da aka gani zuwa yanzu na nuna cewa waɗanda ƙungiyoyin Amurka za su fi zuba wa ido su ne matasa 'yan shekara 18 zuwa 21 masu girman jiki, tun kafin su yi suna a gida.